Wata Uku da Kare Ɗaya: Shari'ar Seward Park da Wa'adin da Doka Ta Yanka wa Masu Gidajen Haya a Niyok

A tsakiyar watan Satumba na 1996, wani iyali da ke zaune a rukunin benayen Seward Park, a unguwar Lower East Side ta Manhattan a birnin Niyok, suka shigo da ɗan kwikwiyo gida. Takardar zaman gidan da suka sa wa hannu ta hana ajiye kare, kuma babu wanda ya yi gardama a kan haka tun daga ranar da aka shiga kotu har ranar da aka fito. Amma bayan an shafe shekaru ana kai ruwa rana a gaban kotuna uku, su suka yi nasara a watan Disamba na 2001, kare ya ci gaba da zamansa. Abin da ya ba su nasara lissafin kwanaki ne, da kuma amsar wata tambaya da ta fi ƙarfin maganar kare: idan maigadin ƙofa ya ga abu, shin mai gida ya gani?

Seward Park ba ƙaramin wuri ba ne. Benaye ne manya guda huɗu, kowanne hawa 20, da gidaje 1,728 a cikinsu, waɗanda aka gina a ƙarshen shekarun 1950 da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago domin ma'aikata su samu muhalli mai sauƙin kuɗi. Tsarinsa na haɗin gwiwa ne. Kamfani ne ya mallaki ginin, mazauna kuma su ne masu hannun jari a kamfanin, kowa da takardar yarjejeniya da ta ba shi damar zama a gidansa. A idon doka dai kamfanin shi ne mai gida, mazauni kuma ɗan haya. Wurin da ya kai wannan girma ba ya tafiya da mutum ɗaya. Akwai ofishin manaja, akwai masu gadi, akwai masu shara da masu gyare-gyare da ke kai da kawo a farfajiya da matakala tun safe har dare. Waɗannan mutanen ne shari'ar ta rataya a kansu.

Kafin a shiga yadda aka yi, sai an san dokar. A 1983 majalisar birnin Niyok ta kafa wata doka da yanzu take sashe na 27-2009.1 na kundin dokokin gudanar da birnin. Lauyoyi da 'yan haya suna ce mata dokar dabbobin gida, wasu kuma su ce dokar wata uku. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: idan ɗan haya a ginin da iyalai uku ko fiye suke zaune ya ajiye dabbar gida a fili, ba ɓoye-ɓoye, har tsawon wata uku, kuma mai gida ko wakilinsa ya san da haka, sannan mai gidan bai shigar da ƙara kotu a cikin waɗannan watanni uku ba, to sharaɗin hana dabbar ya faɗi. Ana ɗaukar mai gidan ya yafe shi. Dokar ta kuma toshe wata kafa tun daga farko, ta ce duk wani abu da aka rubuta a takardar haya don tauye wannan haƙƙi na ɗan haya ba shi da tasiri. Saboda haka layin nan da kusan kowace takardar haya take ɗauke da shi, mai cewa shirun mai gida ba ya nufin ya yafe komai, ba ya aiki a nan.

Me ya sa birni zai tsoma baki cikin abin da mutum biyu baligai suka amince a kai? Majalisar ta faɗi dalilinta a cikin dokar kanta. Ta ce masu gidaje sun mayar da sharaɗin hana dabba makami: suna sane ɗan haya yana da dabba tun da daɗewa, su yi shiru, sai ranar da suke son korarsa saboda wani dalili na daban su zaro takarda. Wannan shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana. Kuma a Niyok karsanar tana da tsoka, domin tun 1969 birnin yake da tsarin ƙayyade ƙarin kuɗin haya a kan ɗimbin gidaje, ban da tsohon tsarin da ya samo asali tun 1943. Tsohon ɗan haya da ya shekara ashirin a gida yana biyan abin da bai kai kuɗin kasuwa ba, doka kuma ta hana a kore shi haka siddan. Idan ya fita, a wancan zamanin, mai gida yana iya ɗaga haya. To tsohuwar da ke zaune da magenta shekara da shekaru, wadda ta kai ƙorafi kan rashin ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, sai ta wayi gari da takardar cewa ta karya yarjejeniya. Irin wannan ne aka yi dokar don a hana.

Mu koma Seward Park. Tun daga ranar da kwikwiyon ya shigo, iyalin ba su ɓoye shi ba. Kare ba mage ba ne, dole a fita da shi kullum ya zaga ya yi bayan gida, don haka kowace rana ana ratsawa da shi ta ƙofar gini da farfajiya. Shaidar da aka bayar a kotu ta nuna masu gadi da ma'aikatan gyara sun gan shi, har wasunsu suna wasa da shi. Ofishin manaja kuwa bai samu labari ba sai ƙarshen watan Nuwamba. Da ya samu, bai yi sanya ba, nan da nan ya aika wa iyalin takardar gargaɗi cewa su rabu da karen. Ba su rabu da shi ba. Kamfanin ya shigar da ƙarar fitar da su a watan Fabrairu na 1997.

A nan lissafi ya rabu gida biyu. Idan aka fara ƙirga daga ƙarshen Nuwamba, ranar da ofis ya sani, to ƙarar ta shiga kafin wata uku su cika, kamfani bai makara ba. Idan kuwa aka fara daga tsakiyar Satumba, ranar da ma'aikatan gini suka fara ganin karen, to wa'adi ya cika tun tsakiyar Disamba, ƙarar ta zo a makare da kusan wata biyu.

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Ya ce dokar ta ambaci mai gida ko wakilinsa, wakili kuma shi ne manajan da aka ɗora wa alhakin karɓar haya da tabbatar da bin ƙa'ida. Maigadi aikinsa tsaro, mai shara aikinsa shara. Ba a taɓa ce musu su riƙa kai rahoton dabbobi ba, ba su san abin da ke rubuce a takardar kowane mazauni ba, masu gadin ma wani kamfani ne daban da aka ba kwangila ya kawo su. A wurin da mutane dubbai ke shiga da fita, yaya maigadi zai bambanta karen mazauni da na baƙon da ya zo ziyara? Iyalin kuma suka ce, mu dai ba mu ɓoye komai ba. Duk wanda ginin ya ajiye a ƙofa ya ga karen nan kullum. Idan ofis bai ji ba, wannan tsakaninsa ne da mutanensa.

Kotun farko, wato sashen gidaje na kotun farar hula ta birnin, ta bai wa iyalin gaskiya ta kori ƙarar. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotu ta biyu ta juya hukuncin ta ba shi gaskiya. Daga nan iyalin suka wuce gaba zuwa sashe na ɗaya na kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, wanda ke kula da Manhattan da Bronx. Wannan kotu ce ta yanke hukuncin 2001, ta mayar da hukuncin kotun farko.

Abu biyu kotun ta tsayar. Na farko, sanin ma'aikatan da ke aiki a cikin ginin yau da gobe ya isa a ce mai gida ya sani, ko da shi bai ɗora musu aikin kai rahoto ba, ko da kuma ta hannun ɗan kwangila suka zo. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Su ne waɗanda suka fi kowa damar ganin abin da ke gudana. Idan aka ce sai labari ya isa teburin manaja kafin a fara ƙirga, to kowane mai gida zai iya tsara aikinsa ta yadda labarin ba zai taɓa isa ba, sai ranar da yake so. Ya ajiye ofis nesa, ya ce wa masu gadi ba ruwansu, shekara biyar ta wuce, sannan ya ce yau ya sani. Da an yarda da wannan, dokar ta zama riga ba wuya, kuma cutar da aka yi ta domin magancewa ta dawo ta ƙofar baya. Na biyu, takardar gargaɗi ba ƙara ba ce. Wasiƙa, ko ta lauya ce, ko sanarwar soke yarjejeniya, ba ta tsayar da ƙirgar kwanaki. Abin da dokar ta nema shi ne a fara shari'a a cikin wata ukun.

Wannan na biyun shi ne inda masu gidaje da dama suke faɗuwa har yau, domin wata uku ba su da yawa idan aka duba matakan da ke gaban ƙara. A gidajen da ke ƙarƙashin tsarin ƙayyade haya, alal misali, sai an ba ɗan haya kwana 10 ya gyara laifinsa, sannan a ba shi sanarwar soke yarjejeniya ta aƙalla kwana 7, kafin a je kotu a yanko sammaci a kai masa yadda doka ta tsara. Mai gidan da ya tsaya rarrashi, ko ya karɓi alƙawarin "za mu kai shi wajen 'yar'uwata wata mai zuwa", yana iya farkawa ya tarar lokaci ya ƙure. A Seward Park ofis ya ji labari saura mako biyu zuwa uku wa'adi ya cika, shi kuma yana zaton wata uku cur ne a gabansa.

A ganina kotun ta yi daidai, kuma ba don ina ganin sa hannu a takarda wasa ne ba. Wanda ya yi alƙawari ya cika, haka aka rene mu. Amma haƙƙi ma yana da ladabinsa. Wanda aka taka wa haƙƙi yana gani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba, har ɗaya ɓangaren ya gina rayuwarsa a kan wannan shirun, to ya rage wa kansa ƙarfin magana. Mai karatun da ya san kotunan Musulunci na arewacin Najeriya zai tuna da hauzi a fiƙihun Malikiyya: mutum ya riƙe gona ko gida shekara goma yana aiki a ciki, wanda ke cewa nasa ne yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, kuma babu dangantaka tsakaninsu, to bayan nan ba a sauraron da'awarsa. Shekara goma da wata uku ba ɗaya ba ne, gona da kare ma ba ɗaya ba ne, amma tunanin da ke ƙasa guda ne. Shiru ma magana ce. Kuma gajartar wa'adin tana da ma'ana idan ana maganar abu mai rai. Kwikwiyon da ya yi mako biyu a gida ana iya nema masa wani wuri. Wanda ya shekara uku yana tarar yaro a ƙofa idan ya dawo makaranta, raba su wani abu ne daban.

Na san da yawa daga cikinmu za su yi mamakin a kai maganar kare har kotu uku. A gidajenmu kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje. Amma a birnin da mutum zai tsufa shi kaɗai a hawa na 15, 'ya'ya sun watse, maƙwabci bai san sunansa ba, dabbar nan ita ce abokiyar hirarsa. Majalisar birnin ma ta rubuta cewa ana ajiye dabbobin ne don tsaro da ɗebe kewa. Ban da haka, abin da ake neman ƙwacewa a irin wannan ƙara ba karen kaɗai ba ne, har da gidan.

Sai dai hukuncin yana da nasa nauyin, kuma ba mai gida kaɗai yake ɗauka ba. Akwai maƙwabcin da ya zaɓi wannan ginin musamman don an ce masa ba a ajiye kare. Wataƙila gashin dabba yana tayar masa da asma, wataƙila ɗansa yana tsoron kare, wataƙila mai sallah ne da ba ya son haɗa lif da kare da asuba. Shi bai yi shiru ba, bai yafe komai ba, amma sakacin ma'aikatan gini ya jawo masa zama da abin da ya guje wa. Wannan mutumin dokar ba ta ba shi komai ba sai idan dabbar ta zama fitina. Na kuma lura da wani abu da ya fi damuna: dokar da aka yi don ta sassauta wa 'yan haya tana koya wa masu gidaje tsanani. Mai gida mai sauƙin kai, wanda da zai ce a bar yarinya da magenta zuwa ƙarshen shekara, yanzu lauyansa zai ce masa kada ya kuskura, ya kai ƙara yau ko ya rasa haƙƙinsa. Bayan 2001 hanya mafi sauƙi ga kowane kamfanin gidaje ita ce ya umarci masu gadi su rubuta duk dabbar da suka gani, maigadin da jiya yake shafa kan kwikwiyo yau shi ne mai kai rahotonsa. Duk da haka na fi yarda da ƙarar da za ta zo a wata na biyu a kan wadda za a ɓoye a aljihu shekara bakwai. Ta farko aƙalla maganar karen ce da gaske.

Dokar tana da iyakoki da ya kamata a sani, don kada wani ya ɗauka kowace dabba a kowane gida ta tsira. Ba ta shafi gidan da iyali ɗaya ko biyu ke ciki ba. Ba ta shafi gidajen hukumar gidaje ta birnin ba, waɗanda ke da nasu ƙa'idojin. Ba ta kāre dabbar da ke lalata gini, ko damun mutane da haushi da wari, ko barazana ga lafiyar maƙwabta, komai daɗewarta. Ba dokar jiha ba ce kuma, ta birni ce, ko da yake gundumar Westchester da ke arewa da birnin tana da irinta. A kan benayen da kowane mazauni ya mallaki gidansa kai tsaye, waɗanda ake kira kondo, kotuna sun rabu: sashe na biyu ya yanke a 1994 cewa dokar tana aiki a kansu, wanda ya shafi Brooklyn da Queens da Staten Island, sashe na ɗaya kuma ya yanke a 1996 cewa ba ta aiki, wanda ya shafi Manhattan da Bronx. Birni ɗaya, doka ɗaya, amma hukunci ya danganta da gefen kogin da mutum yake. Dabbar da mai naƙasa ke buƙata don taimako kuwa babinta daban ne, dokar tarayya ta hana wariya a gidaje, wadda aka faɗaɗa a 1988, ita ke kāre ta, babu ruwanta da wata uku.

Maganar "a fili" ma ta jawo nata shari'o'in, musamman kan mage, wadda ba a fita da ita yawo. Kotunan Niyok sun karɓi cewa ba dole sai an zaga da dabba a titi ba. Ya isa a ce ba a ɓoye ta ba, tana rayuwarta yadda irinta ke yi, kuma mai kula da gini ko mai gyaran famfo da ya shigo ya gan ta, ko ya ga kwanon abincinta da akwatin yashinta. Wanda kuwa yake kulle mage a banɗaki duk ranar da ma'aikaci zai shigo, ko yake saka ƙaramin kare a jaka ya bi ta ƙofar baya, da hannunsa yake rushe hujjarsa. Wannan ya saɓa wa abin da tsoro ke raya wa mutum, shi ya sa masu ba 'yan haya shawara suke nanata shi. Nauyin kawo hujja yana kan ɗan haya, don haka ranar da dabba ta shigo, da takardar likitan dabbobi, da sunan ma'aikacin da ya gani da ranar da ya gani, su ne dukiyarsa a gaban alƙali. 'Yan'uwanmu da ke haya a Bronx da Harlem, waɗanda yaransu kan dawo gida da 'yar kyanwa, wannan ya shafe su kai tsaye.

Akwai wani gurbi da shari'ar Seward Park ba ta cike ba, kuma shi ne ya fi taɓa tsofaffi. A 1996, shekarar da kwikwiyon nan ya shigo gida, wata kotun ɗaukaka ƙara a Manhattan ta yanke, a shari'ar da kamfanin Park Holding ya shigar, cewa yafewar da dokar ke magana a kai ta dabbar da ke nan ce kaɗai, ba ta duk wadda za ta biyo bayanta ba. Mutum zai iya zama da kare shekara goma sha biyu, kowa ya sani, babu maƙwabcin da ya taɓa ƙorafi, karen ya tsufa ya mutu. Idan ya kawo wani, ko da irinsa ne sak, ƙirga ta koma farko, mai gida ya samu sabbin wata uku. A nan ne nake ganin kotuna sun yi wa dokar ƙunci fiye da manufarta, domin mai gidan da ya zauna lafiya da kare shekara goma sha biyu ya riga ya nuna cewa kare ba ya damunsa, kuma idan ya tashi da ƙara a kan na biyun, da wuya a ce karen yake nufi.

Iyalin Seward Park ma suna ƙarƙashin wannan hukunci. Lokacin da suka yi nasara a Disamba 2001, kwikwiyon da suka shigo da shi ya haura shekara biyar, ya yi kusan rabin rayuwar da irinsa ke yi ana shari'a a kansa. Abin da kotu ta ba su izinin zama da shi ne, shi kaɗai. A lokacin, layin da ya hana kare yana nan a takardarsu, hukuncin bai goge shi ba.